Mediyastinam: Sashen Tsakiyar Ƙirji

Mediyastinam shi ne sunan da likitoci ke kiran sashen ƙirji da ke tsakanin huhun dama da na hagu. Ƙashin ƙirji na gabansa, ƙashin baya na bayansa. A cikinsa akwai zuciya, manyan jijiyoyin jini, bututun iska, bututun abinci da kaluluwa.

Wurin a matse yake. Shi ya sa ƙari ko kumburin kaluluwa, irin na tarin tibi ko ciwon daji, kan danne sassan da ke kusa. Alamomin sun haɗa da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sarƙewar numfashi, wahalar haɗiya, dishewar murya, da kumburin fuska da wuya. Duk wanda ya ga haka ya hanzarta zuwa asibiti. Hoton ƙirji ko na CT kan taimaka wajen gano musabbabin.