TARIHIN KUƊIN RUWA A ƘASARMU



Duk lokacin da aka taɓa kuɗin famfo sai a ji mutane suna cewa: ruwa na Allah ne, don me za a sayar? Gaskiya ne na Allah ne. Amma tarihi ya nuna tun kaka da kakanni ba a taɓa shan shi a banza ba a ƙasar Mayahi.

A zamanin da, ƙarfi ne kuɗin ruwa. Mai gari ya sa gayya a gina rijiya, in ta cike a yashe ta. Kowane gida da igiyarsa da gugansa, mata kuwa su kwana a bakin rijiya da bazara. Shara ba ta da kuɗi, don juji taki ne, jaki ke kai shi gona.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES a 1963, mai gina rijiyoyin siminti. Daga nan jama'a suka ɗauka rijiya ta gwamnati ce, gyara ma nata ne. Fari na 1973 da na 1984 suka zo. Daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka haƙa foraj da yawa a Nijar, aka sa famfuna. Da yawa suka mutu, don babu asusun sayen kayan gyara. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

A birane kamar Maraɗi da Tasawa hanyar daban ce. NIGELEC ta riƙe ruwa har 1987, sannan SNE ta karɓa. A 2001 aka raba aikin: SPEN ke da dukiya, SEEN ke rarraba ruwa. A 2024 NDE ta gaji SEEN. Can gwamnati ke yanka farashi, kanta ke ƙidaya, takarda ta zo. Ɗan ci-rani ya san har shara biya ake yi wa mai amalanke ya kwashe.

Mu na karkara, zaɓen 2004 ne ya ba mu komin, Attantane tana cikin 265 na ƙasa a lokacin. Dokar ruwa ta 2010 ta tabbata cewa mai sha shi ke biyan aikin kawo ruwa. Inda akwai shato, komin ke ƙulla yarjejeniya da mai riƙon aikin, a rubuta farashi a ciki. Kuɗin bido ɗaya kashi-kashi ne: na mai ko gyaran injin, na albashin mai famfo, da na ajiya don ranar da inji zai tsufa. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun komin, aka naɗa wakilan gwamnati, amma nauyin yana nan.

To, ƴan uwa, darasin shi ne: in farashi ya yi ƙasa ƙwarai inji zai tsaya, in ya yi sama talaka ya koma tabki, ciwon ciki ya biyo baya. Saboda haka kada a yanka kuɗi sai a gaban jama'a, da mata da makiyaya, tun da su suka fi ɗiba. A karanta lissafin asusu a fili. Masu aiko gudummawa daga Kano ko Legas su nemi takardar shaida. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.