Adana Takardun Tarihin Yankin Kazaure a Kwamfuta

Ibrahim Ɗantunku ne ya kafa Masarautar Kazaure a wajajen 1819. A yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura kuwa tana ƙarƙashin Masarautar Ringim. A zamanin Turawa yankin yana cikin Lardin Kano, shi ya sa ake neman takardun mulkinsa na wancan lokaci a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Sauran tarihin yana hannun jama'a: littattafan Larabci da na ajami a gafakar malamai, wasiƙun hakimai, takardun gado da na gonaki, da tsofaffin hotuna. Gara da yoyon damina da gobara kan hallaka su, kuma galibi kwafi ɗaya ne tak.

Hanyar ceto su ita ce a ɗauki hoton kowane shafi a gaban mai shi, a rubuta sunan littafin da marubucinsa da garinsa, sannan a mayar masa da kayansa tare da kwafin hotunan. Shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya shardanta cewa takardun asali su zauna a ƙasarsu.

Aikin yana buƙatar haɗin gwiwa. Dagatai da limamai su ne suka san gidajen da takardun suke, ɗalibai su riƙe na'ura, malamai su karanta rubutun. Kada a sanya takardar kowane gida a intanet sai da yardar magadanta.