Nauyi da daidaiton kibiya: abin da ke sa harbin maharbi ya ci ko ya kuskure

A ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, farauta sana'ar rani ce tun kaka da kakanni: da zarar an kammala kawar da amfanin gona, sai maharba su ɗauki kwari da baka su nufi dawa. Matsalar 'yan bindiga ta rage shiga dajin, ta kuma mayar da mafarauta da yawa masu gadin gari. Wannan ne ya sa sanin abin da kibiya ke iya yi, da wanda ba ta iyawa, ya wuce zancen farauta kawai.

Yadda kibiyar Bahaushe take

Kibiyar gargajiya ta ƙunshi kyauro, wato siririn karan da ke jikinta, da kan ƙarfe da maƙeri ya ƙera, sau da yawa mai kunnuwa don kada ya fita idan ya shiga nama, sai tsagar da ke gindi inda tsirkiya ke zama. Babban abin da ya bambanta ta da kibiyar Turai ko ta Asiya shi ne galibi ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Gashin ne ke riƙe bayan kibiya a iska, ya hana ta karkacewa. Inda babu shi, aikin duka ya koma kan nauyin kai.

Dalilin a fili yake. Idan aka jefa karan dawa haka nan, juyawa zai yi ta yi har ya faɗi. Idan aka soka masa ƙusa a gaba, sai ya tafi a miƙe. Ɓangaren da ya fi nauyi shi ke ja, iska kuma ta riƙa tura ɓangare marar nauyi baya.

Yadda ake auna daidaito

Ana ɗora kibiya a kan yatsa, a nemo wurin da ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. A kibiyar da ta dace, wurin yana gaba da tsakiya, ta wajen kai. Masu harbin zamani suna lissafa tazarar a matsayin kaso na tsawon kibiyar, suna kiran ma'aunin FOC. Misali, kibiya mai tsawon santimita 70 tsakiyarta na kan santimita 35. Idan ta daidaita a santimita 42 daga gindi, bambancin santimita 7 ne, wato kashi 10 cikin 100.

Kamfanin Easton na Amurka, wanda ya shahara wajen ƙera kibau, yana ba mafarauta shawarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wannan adadi na kibau masu gashi ne. Wadda ba ta da gashi ta fi buƙatar rinjayen kai.

Mai nauyi ko marar nauyi?

Kibiya marar nauyi tana da gudu, kuma ba ta saurin yin ƙasa, don haka kuskuren ƙiyasta nisa ba ya cutar da maharbi sosai. Sai dai iska na saurin kaɗa ta, kuma ƙarfinta na ƙarewa da ta haɗu da ƙashi. Mai nauyi tana karɓar kaso mafi yawa na ƙarfin da aka tara a baka, tana rage ƙarar tsirkiya, tana kuma ratsa fata da ƙashi, amma tafiyarta a hankali ce kuma tana faɗuwa da wuri.

Ƙarar tsirkiya ba ƙaramin lamari ba ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kibiyar bakan itace kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan gudun ba. Barewa ko gada na jin ƙarar kafin kibiyar ta iso, ta zabura, harbin da aka nufi haƙarƙari ya sauka a cinya.

Dokta Ed Ashby, Ba'amurken da ya fara nazarin harbin namun daji a Natal ta Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya gano cewa kibiyar da ta kai kimanin giram 42 ta fi iya fasa babban ƙashi, kuma ƙara rinjayen kai zuwa kashi 19 ko fiye yana ƙara zurfin shiga. Amma abin yana da iyaka. A lokacin saki, kyauro na lanƙwasa kafin ya miƙe. Idan kan ya fi ƙarfin kyauron, kibiyar za ta fita tana kaɗa gindi, ko ma ta karye a hannun maharbi.

Gurbin da dafi ya cike

Maharban ƙasar Hausa sun warware matsalar ta wata hanya. Da yake kibiyar kyauro ba ta da nauyin da zai kayar da gadu ko ɓauna nan take, sai suka dogara da dafi, musamman na 'ya'yan kwankwani, wanda ke tsayar da bugun zuciya. Daga dangin wannan tsiro ne Thomas Fraser na Edinbura ya tace sinadarin strophanthin, wanda likitoci suka yi amfani da shi wajen jinyar ciwon zuciya. Dafin da aka shafa a wuyan kibiya shi ma nauyi ne a gaba, don haka yana shiga lissafin daidaito.

Da irin waɗannan kibau ne 'yan bakan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka fuskanci dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804, suka yi nasara. Shekara 99 bayan haka, a Sakkwato da Burmi a 1903, masu baka da mashi sun gamu da bindigogin Ingilishi masu aman wuta daga nesa, labarin kuma ya sauya.

Me ya sa wannan ya shafi yau?

Ruwan Bore, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gusau, ta sha harin 'yan bindiga da ya ci rayuka a watan Fabrairun 2019. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta nemi jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, a watan Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A duk wannan muhawara ana yawan ambaton mafarauta a matsayin garkuwar ƙauyuka.

Lissafin kibiya bai goyi bayan wannan fata ba. Kibiya makamin kusa ce: ko a gasar Olamfik, da baka na zamani, mita 70 ake harbi, mafarauci kuwa yakan lallaɓa ya matso ƙasa da rabin haka kafin ya saki tsirkiya. Bindigar AK-47 tana samun abin hari daga mita 300. Gwanintar maƙeri da ta maharbi tana iya sa kibiya ta tafi a miƙe ta shiga inda aka nufa, amma babu nauyin kan da zai cike wannan tazara. Abin da maharbi ke da shi wanda tsaro ke buƙata shi ne sanin daji da bin sawu. Tura shi gaban masu bindiga da kwari da baka kuwa ɗora masa nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma.