Kan Mashin Beliz da Ya Girmi Shekarun da Aka Ba Shi

A yankin Mesoamurka, wato daga tsakiyar Meksiko zuwa Gwatamala da Beliz, manoma da maƙota sukan tsinci kawunan masu na dutse a saman ƙasa. Tambayar farko da masani kan yi ita ce: wane zamani ne ya haifi wannan?

Hanyar da aka gada ita ce duba siffa. Ana lura da faɗin dutsen da kaurinsa, da gindin da ake ɗaurewa a sanda, da kunnuwansa, da yadda aka fefe bakinsa. Girma ma yana magana: manya na mashi ne, wanda ake soka ko a cilla da itacen da Aztek ke kira atlatl, domin baka da kibiya ba su yaɗu a yankin ba sai a ƙarnonin ƙarshe kafin zuwan Sifaniyawa. Da Richard MacNeish ya haƙa kogunan kwarin Tehuacán a farkon shekarun 1960, sunayen da aka laƙaba wa irin waɗannan duwatsu a Texas ya aro don rarraba da yawa daga abin da ya tono.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Misali mafi bayyana shi ne nau'in da ake kira Lowe, na dutsen ƙanƙara, mai faɗi da kunnuwa biyu, wanda aka karkata fiƙe kowane gefensa ta fuska dabam. A 1993, Thomas Kelly ya sanya shi tsakanin 2500 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa. Matsalar ita ce kusan duk samfuran tsintuwa ne a sarari, babu shimfiɗar ƙasa tabbatacciya da za ta ba da shaida.

A 2019, Keith Prufer da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon tonon da suka yi a ƙarƙashin inuwar duwatsu a kudancin Beliz, ciki har da Tzibte Yux da Mayahak Cab Pek. Can suka sami irin waɗannan kawuna kwance cikin shimfiɗun da ba a dagula ba, tare da gawayin da awon rediyokabon ya nuna shekarunsa: tsakanin 12,000 da 9,300 da suka wuce. Tsohon lissafi ya gaza da fiye da shekara 5,000.

Gyaran ba ƙarami ba ne. Kayan da aka jingina wa mutanen dab da zamanin ƙauyukan Maya, ashe na mafarautan ƙarshen zamanin sanyi ne da magadansu. Siffa tana nuna dangi, amma wurin kwanciya ne ke faɗin shekaru. Shi ya sa duk dutsen da aka zaro daga ƙasa ba tare da rubuta inda yake ba, ya bar rabin labarinsa a ramin.