Daga Zangon Fatake Zuwa Tantin 'Yan Hilux: Zare Kan Kwanan Daji a Ƙasar Sara

1/ Kwanakin nan matasa sun shiga yayin ɗaukar a-kori-kura su kutsa daji, su kafa tanti, su kwana, su watso hotuna. Wasu na cewa ɗabi'ar Turawa ce. A'a wallahi. Kakanninmu sun daɗe suna yi, kuma da tsarin da ya fi namu. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da wurin. Sara tana ƙaramar hukumar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu, a kudancin Jigawa, dab da iyakar Bauchi. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, duk wannan yanki jihar Kano ne. A ƙarni na 19 kuwa bakin iyakar masarautar Kano ne ta kudu maso gabas.

3/ Zama bakin iyaka a wancan zamani ba wasa ba ne. Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa bayan saɓani da hukumar Kano kan haraji, suka shige duwatsun Ningi. Daga nan Ningawa suka shafe shekaru masu yawa suna kai hari garuruwan kudancin Kano. Mai hankali ba ya bin wannan daji shi kaɗai.

4/ Shi ya sa ake tafiya a ayari. Kuma ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya dubo hanya da mashigin ruwa. Akwai uban dawaki, mai kula da sauka da biyan kuɗin hanya. Sau da yawa har da malamin ayari.

5/ Inda aka sauka shi ne zango. Ba a zaɓarsa da ka: sai kusa da ruwa, kusa da gari, kuma da sanin mai garin. A sauke jakuna tun da sauran rana, a yi bukkoki, a hura wuta, a raba gadi. Da irin wannan tsari fataken goro suke shafe watanni tsakanin Kano da Salaga a ƙasar Gwanja.

6/ Tasirin abin ya kai har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ana kiransu Zango. Wato masaukin dare ɗaya ya zama gari. To wa zai koya wa wa kwanan daji?

7/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya manyan motoci suka karɓe dogon fatauci daga hannun jaki. Amma hanyar ƙauye ta ci gaba da zama burji da yashi da laka. Daga cikin motocin da suka iya mata akwai Land Rover, wadda ta fito a Ingila a 1948. Ita jami'an mulki da malaman dabbobi suke rangadi da ita.

8/ A shekarun nan ne, a 1955, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun Birnin Kudu masu ƙara kamar ƙararrawa in an buga su. A nan ne kuma ake da zanen shanu na mutanen da, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Duk mai son fita daji a yankin nan, ga inda ya kamata ya fara.

9/ A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. A-kori-kurar 404, sannan 504, ta zama jakin kasuwannin ƙauye irin ta Sara: buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama. Direbobinta ba su da giyar taya huɗu, amma sun san kowane kwazazzabo da sunansa.

10/ Hilux kuwa a 1968 Toyota ta fara yin ta a Japan. Sunanta ya ƙara fita a 1987, lokacin da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya da ƙananan motocin Toyota a cikin sahara. Yanzu ga sabon zubi: mai haɗa mai da batir. Prius ce ta buɗe wannan kasuwa a 1997, yau abin ya iso kan a-kori-kura.

11/ Ni ma sabon shiga ne. Bayan girbi muka fita mu huɗu da irin wannan mota ta wani abokina, daga Birnin Kudu muka nufi ɓangaren Sara, muka bar kwalta muka bi hanyar amalanke. Gaskiya akwai daɗi: a tafiyar sannu ba ta shan mai sosai, ba ta da hayaniya, da dare kuma ta ba mu fitila da cajin waya.

12/ Amma abin da ya kai mu ya dawo da mu lafiya duk na ayari ne. Mun ɗauki ɗan gari ya zama jagaba. Da muka zo yashi, shi ya ce a rage iskar taya, kar a tsaya a tsakiya. Da muka zo rafi, ya sauka ya shiga da ƙafa da sanda kafin mota ta taɓa ruwa.

13/ Wannan na ruwa shi ne mafi haɗari. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san rafin da ka tsallaka da safe zai iya cin mota da yamma. Motar batir kuma tana da nata sharaɗi: wayoyin nan masu ruwan lemo wuta ce mai kisa, ba a taɓa su, kuma ba kowane bakanike ne ya san kansu ba. In ta tsaya a daji, sai ja.

14/ Wurin kwana ma haka. Mun je mun gai da mai gari, muka faɗi ko su wa ne mu, shi ya nuna mana fili a bayan gari. A wannan zamani, baƙuwar Hilux a gefen daji da dare tsoro take ba mutane, kuma suna da hujja. Sallama ɗaya ta fi tanti goma amfani.

15/ Sannan a kiyaye gonar mutane da burtalin shanu. Abin da yake wasa a wajenka, abincin shekara ne a wajen wani. A kashe wuta da ƙasa kafin a tashi, musamman da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe.

16/ Guzurin sabon shiga: jarkokin ruwa, shebur, igiyar ja, jak da katako, famfon taya, tayar sauyi, gidan sauro, tocila. Mota biyu ta fi ɗaya. A sauka kafin magariba. A bar wa na gida sunan ƙauyen da za a kwana.

17/ 'Yan Gwaram da Birnin Kudu, ku tambayi dattawanku ina tsofaffin zangunan yankinku suke, ku ajiye mana sunayensu a ƙasa. Allah ya kai kowa gida lafiya.