Daga Bakin Sanƙira Zuwa Lambar Asusu

A da, gidauniyar masallaci ko makaranta a Talata Mafara, Bakura da Maradun a bainar jama'a ake yin ta: sanƙira ya shelanta sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa, kowa ya shaida. Zuwan wayar salula a 2001, sannan tura kuɗi ta banki, ya ba ɗan garin da ke Legas damar sa hannu daga nesa. A Satumbar 2021 aka katse sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, hanyar ta toshe. Layi ya dawo, amma waya ba ta da shaidu irin na sanƙira. Shi ya sa aka fi yarda da kwamitin da ke karanta lissafinsa gaban jama'a.