Aikin gudanar da asibiti a Kano

Aikin gudanar da asibiti shi ne kula da ɓangaren asibiti da ba na duba marasa lafiya ba: ɗaukar ma'aikata, albashi, adana katunan marasa lafiya, sayen magani da man janareta. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, likita ne shugaba, amma daraktan mulki ne ke riƙe da wannan ɓangare. Asibitocin jiha kuwa, irin su Murtala Muhammad da Sir Muhammad Sanusi da ke Yankaba, kusa da Dakata, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano.

A asibitocin tarayya, ana biyan ma'aikatan da ba likitoci ba da tsarin CONHESS, likitoci kuma da CONMESS. Tazarar da ke tsakanin tsare-tsaren biyu ta sha jefa JOHESU, ƙungiyar ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, cikin yajin aiki. A ɓangaren ma'aikatan jiha kuwa, a 2024 Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000.

Asibitoci masu zaman kansu da ke duba ma'aikatan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ba sa bin tsare-tsaren CONHESS da CONMESS. A ƙananansu, sau da yawa manaja ɗaya ne akawu, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai bin kamfanonin inshora bashi.